Gyaran gida kafin damina: ina rabon ido a cikin lissafi?

Daga watan Afirilu zuwa Mayu, kafin saukar ruwan farko, unguwanninmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa kan cika da ƙarar guduma. Wannan yana yaɓen katanga, wancan yana sake kwanon ɗaki, wani kuma yana shafa farar ƙasa a zaure. Galibi maigida ne da ƴaƴansa ke aikin, ko su taya magini. Mukan tanadi siminti da ƙusa da fenti, har da abincin ma'aikata, amma da wuya a sami wanda ya sa tabarau cikin lissafinsa.

Abin da aka fi rainawa shi ne ya fi ɓarna, wato siminti da farar ƙasa. Masana suna da wani ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana wajen 7, jiƙaƙƙen siminti kuwa yana kai 12 zuwa 13, kusa da sodar da ake haɗa sabulu da ita. Kowa yana tsoron ruwan batir, kuma da gaskiyarsa, sai dai shi yakan ƙone saman ido ya tsaya. Siminti da farar ƙasa narkar da naman ido suke yi, su ci gaba da kutsawa ciki cikin ƴan mintoci. Ƙarshensa sai hakiya ta rufe baƙin ido, wani lokaci har abada.

Saboda haka idan sun fantsama a ido, kada a fara neman mai babur zuwa asibiti. A fara da ruwa, nan take. Butar da ke tsakar gida ta isa: a karkata kan mutumin, idon da ya samu rauni yana ƙasa, a buɗe fatar idon da yatsu ko da yana ihu, a riƙa zubawa daga gefen hanci. A ci gaba har minti 20 zuwa 30, ana sake cika butar da ruwa mai tsabta, na famfo ko na randa ko na leda. A sa shi ya riƙa juya idon, domin ɓurɓushin siminti kan maƙale ƙarƙashin fatar sama yana ci gaba da ƙuna. Bayan nan ne za a tafi wurin likitan ido, ko da zafin ya lafa. Maƙwabta ba za su rasa shawara ba, wani ya ce nonon uwa, wata ta ce kwalli ko ruwan sukari. A yi musu godiya, a bar su da kayansu.

Hukuncin ƙarfe dabam ne. Wanda ke buga ƙusar siminti, ko yanka ƙarfe da inji, ƙanƙanin ɓallin da bai kai ƙwayar gero ba yana iya huda idonsa. A nan ba a murzawa, ba a dannawa, ba a kuma ƙoƙarin cirewa da tsinke ko bakin zane. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure, a tafi. Ƙarfen da ya kwana a ido yakan bar zoben tsatsa, wanda sai likita ya kankare shi.

Yara kuma suna sha'awar hasken walda idan an zo ɗaura ƙofa ko taga. Ba a jin komai a lokacin. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci cikin dare, yaro ya farka yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido. Yakan warke cikin kwana 1 ko 2, amma korarsu daga wurin ta fi sauƙi.

Baƙin tabarau na kwalliya ba kariya ba ne, yana ma iya fashewa ya ƙara rauni. A nemi na aiki a shagon kayan gini, na roba mai ƙarfi, mai rufe gefe da gefe, wanda aka rubuta EN 166 ko Z87 a jikinsa. Kuɗinsa bai kai na buhun siminti ɗaya ba. A sayi biyu, domin yaron da ke miƙa kwaɓi daga ƙasa shi ne fuskarsa ke kallon sama lokacin da abu ya zubo.