Shin Ko Kun San? Filasko da Danginsa

Shin ko kun san filasko da tafasa da rai-ɗore dangi ɗaya ne? Masana tsirrai sun haɗa su a jinsin da suke kira Senna. Duk ukun suna fitowa da damina a bayan garin Bauchi, busasshen ganyen filasko kuwa ba ya yankewa a wurin masu maganin gargajiya na kasuwar Muda Lawal da ta Wunti.

Ko kun san dalilin da ake shan filasko da dare, sai da safe ya yi aiki? Sinadarin da ke cikinsa, senosaid, yana wuce tumbi da ƙananan hanji ba tare da ya narke ba. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya ke farfasa shi, sannan ya zaburar da hanjin ya kuma tara masa ruwa. Wannan tafiya kan ci awa 6 zuwa 12. Mai gaggawar da ya ƙara kofi na biyu don na farko bai motsa shi ba, shi ne ke kwana da buta. Arthur Stoll da abokan aikinsa suka ware sinadarin a Siwizalan a 1941, kuma yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sanamakki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci ɗan'uwan filasko ne na jini. Ibnul Ƙayyim ya yi bayaninsa tun ƙarni na 14.

Idan fitsari ya yi ja-ja bayan an sha filasko, launin sinadarin ne, yana wucewa. Abin tsoro shi ne mayar da wankin ciki al'ada: yawan sha na zubar da fotashiyam, gishirin da zuciya ke bugawa da shi.

Tafasa kuwa ba ruwanta, sai kwaɗo da miya. A Sudan ana tsima ganyenta a yi kawal, a ci a madadin nama.

Rai-ɗore ne ba a yi wa wasa. Ana dafa ganyensa don zazzaɓi, amma ɗanyen irinsa guba ne ga hanta da tsoka. A 2007 likitoci a Indiya suka danganta mutuwar yara a Saharanfur, cikin jihar Uttar Faradesh, da cin 'ya'yansa. Awaki da kaji ma yana kayar da su idan ya gauraya da abincinsu.