Rediyon Kaduna: Muryar da Ta Haɗa Birni da Ƙauye

A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Jihar Yamma ta riga ta kafa nata a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta bi sahu a Enugu a 1960, don haka Arewa ma ta ga bai kamata ta riƙa aron bakin wasu ba. Aka kafa kamfanin BCNN domin gudanar da gidan, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Jama'a kuwa ba su wahalar da kansu da wannan suna ba, Rediyon Kaduna kawai suke cewa.

Abin da ya ba tashar ƙarfi shi ne zangon AM da take watsa shiri a kai. Muryar FM miƙewa take yi tsaye, tudu ko nisa na iya tare ta. Ta AM kuwa tana bin doron ƙasa da rana, idan dare ya yi kuma sai ta haura sama ta bugi wani rufin iska mai ɗauke da caji, ta dawo ƙasa can nesa. Shi ya sa a da, bayan magariba, mai ƙaramar rediyon batir a Maraɗi ko Garwa yakan murɗa a hankali, ya ratsa shuuu da ƙarar tashoshin waje, har ya kamo Kaduna a matsakaicin zango ko a mita 49 ta gajeren zango.

Masu mulki sun san darajar wannan murya. Ranar 15 ga Janairun 1966, a nan Manjo Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulkin da aka kashe Sardauna a cikinsa. A 1978 gwamnatin soja ta haɗe tashar da gidan rediyon tarayya, ta koma FRCN Kaduna, bayan an riga an ware ɓangaren talabijin.

Amma talaka shirye-shirye ya riƙe. Akwai Jakar Magori, akwai Hannu da Yawa, ga Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi. Zaɓi Sonka kuwa har zumunci ya ƙulla: mutum ya sayi kati, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokan arziki, ya aika, sannan ya kasa kunne mako guda ko fiye don jin an ambaci sunansa da na ƙauyensu. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ma ta nan suka shiga gidaje da yawa.

Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, FM ta cika birane, domin muryarta ta fi fita tangaran, kuma injinta bai kai na AM cin wuta da man dizal ba. Sai dai makiyayi a ruga da manomin da ke nesa da birni ba su cika samun FM ba, balle intanet. Sanarwar rigakafi da hasashen damina da gargaɗin ambaliya su suka fi shafa. Ya kamata gwamnati ta ware kuɗin kula da injinan AM, ta kuma kwafe tsofaffin faya-fayan tashar zuwa kwamfuta tun kafin zafi da ƙura su cinye su.