Allurar Zafi Ta Hau? Kada Ka Taɓa Murfin Lagireto

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40. A lokacin ne ake yawan ganin tsofaffin Golf da Sharon a gefen hanyar Kano ko ta Jibiya, an ɗaga bonet, tururi na tashi. Direba ya ɗora wa rana laifi, alhali asiri kawai ta tona, ciwon ya daɗe a jikin motar.

Da zarar allura ta doshi ja, gangara gefe ka kashe inji. Ka bar murfin lagireto ya huce, ko da rabin awa ne. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100, kana buɗewa zai feso maka a fuska. Kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi kuma kan tsaga kansa.

Inda motar ke ɗaukar zafi shi ke nuna ciwon. In a cunkoson Ƙofar Ƙaura take yi, da ta samu hanya allura ta sauko, to a duba fanka, ko fis ɗinta, ko fambel. In kuwa sai an miƙe hanya ana gudu, galibi lagireto ne ya toshe: ƙurar hunturu daga waje, tsatsa da gishirin ruwan rijiya daga ciki. Ruwa na raguwa kullum? A leƙa tiyo da famfon ruwa. Mafi muni shi ne ruwa na ɓacewa babu ɗigo a ƙasa, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar kunu. Gasket ya ƙone ke nan, kada motar ta ƙara motsawa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu: bakanike ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai kayan ƙasar sanyi ne. Wannan rufa-rufa ce. Aikin tamostat riƙe inji a kusan digiri 90, inda ya fi ƙona mai daidai. Babu shi, mota ta ƙara shan mai, toshewar lagireto kuma tana nan daram. In tamostat ya lalace, a sa sabo.

Mai mota, kafin ka tayar da inji da safe ka duba ruwa, ka daina zuba na rijiya, ka sayi ruwan lagireto na gaske. Kuɗinsa bai kama ƙafar na sauke inji ba.