Hoton Fatalwa da Haske Mai Murɗiya

Jama'a, kada sunan ya firgita ku. Babu aljani a cikin wannan magana. "Hoton fatalwa" laƙabi ne da masana kimiyyar haske suka ba wata dabara ta ɗaukar hoton abu da kyamarar da ba ta taɓa fuskantar abin ba.

Ga yadda ake yi. Akan harba hasken leza cikin wani irin ƙarau na musamman, sai ƙwayar haske guda ta rabu biyu, ta zama tagwaye. Mu kira su Hassan da Husaini. Hassan yakan bi ta kan abin da ake son hotonsa, ya faɗa cikin wata na'ura da Turawa ke kira bokiti, domin ba ta san komai ba sai "ya shigo" ko "bai shigo ba". Husaini kuwa kai tsaye zai nufi kyamara. Bokiti shi kaɗai ba ya ba da hoto, kyamara ita kaɗai ma sai dusu-dusu. Amma in aka tsince lokutan da tagwayen suka iso tare kawai, aka tara su dubbai, sai siffar abin ta fito. Pittman da Shih da abokan aikinsu ne suka nuna haka a Jami'ar Maryland ta Amurka a 1995.

To, ina murɗiya ta shigo? A 1992, Les Allen da 'yan'uwansa masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan suka bayyana cewa haske na iya tafiya yana murɗawa, kuma wannan juyin abu ne da ake iya aunawa. Mu mutanen Garwa, garin auduga, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya ga tsohuwa na kaɗi da mazari ya san zare na murɗuwa dama ko hagu, ya yi tauri ko sako-sako. Haka hasken yake, sai dai murɗiyarsa ƙidayayya ce: 1, 2, 3, har abin da ya yi sama, babu rabi. A 2001 kuma ɗakin binciken Anton Zeilinger a Biyana ya tabbatar da cewa tagwayen nan sukan raba murɗiya tsakaninsu. In hasken asali ba shi da ko ɗaya, Hassan ya zo da biyu ta dama, lalle Husaini na da biyu ta hagu.

Nan ne amfanin yake. Abu mai garai-garai, kamar ƙwayar halitta a cikin ɗigon ruwa, ba ya tare haske, don haka da wuya ya fito a hoto. Amma gefensa yakan karkata tafiyar hasken. A 2009 ƙungiyar Miles Padgett a Jami'ar Glasgow ta ɗora matatar murɗiya a hanyar Husaini, wanda bai ko kusanci abin ba, sai ga gefunan abin sun fito fes. A ganina wannan ya fi na 1995 ban mamaki: an sa wa wani tabarau, wani daban ya gani.

Bugu da ƙari, murɗiya kan tona siffa tun ba a kammala hoto ba. Tauraro mai tsini biyar, alal misali, yakan sauya murɗiyar hasken da biyar-biyar ne kawai. Ke nan da haske kaɗan za a gane shi, kuma haske kaɗan shi ake nema wajen duba abu mai rai wanda haske mai ƙarfi ke lalatawa.

Ba Turai da Amurka kaɗai ke wannan aiki ba. Ɗakin binciken Andrew Forbes a Jami'ar Wits ta Johannesburg ya yi suna a kansa, da ɗalibai 'yan Afirka a ciki. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan da gangan, tunda yanzu ga jami'a a Ngaundere, ga ta Marwa tun 2008, ga kuma ta Garwa da aka kafa a 2022.

Wani zai tambaya ko dabarar za ta huda hazon hunturu da ke rufe kogin Binuwai. Kada mu yi gaggawa. Murɗiyar haske ba ta jure iska mai motsi. Zafin nan da ke sa kwalta rawa da tsakar rana a watan Maris yakan cakuɗa ta, biyu ta koma ɗaya ko uku. Shi ya sa yawancin gwaje-gwajen nan a ɗaki mai duhu ake yin su, a kan tebur mai nauyi wanda ko takun mutum ba ya girgiza shi.