Karatun Kwamfuta: Sarrafa Na'ura ko Rubuta Manhaja?

A duk lokacin cike takardar JAMB, iyaye da dama a karkara sukan sayar da amfanin gona ko dabba domin 'ya'yansu su karanci kwamfuta, alhali ba su san cewa fannin ya rabu gida biyu ba. Mun ga ya dace mu fayyace bambancin, domin kada a ɓata kuɗi da shekaru a hanyar da ba ta dace da yaro ba.

Fanni na farko shi ne rubuta umarnin da ke tafiyar da ita kanta na'urar. Mitar lantarki ta kati, da na'urar POS, da akwatin da ke sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kowanne yana ɗauke da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da wani ya rubuta wa umarni. Galibi ana amfani da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972. Wajibi ne mai wannan aiki ya ƙware a lissafi da ilimin lantarki, kuma ya samu kayan gwaji. Kuskure a nan yana da tsada, domin yana iya ƙona kaya. A jami'o'inmu, digirin injiniyan kwamfuta ko na lantarki yakan ɗauki shekara 5.

Fanni na biyu shi ne rubuta manhajoji, kamar na wayar salula, da shafukan intanet, da tsarin biyan albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ana amfani da harsuna irin su Python, wanda ya fito a 1991. Mai koyo yana buƙatar kwamfuta, da wuta, da intanet kawai, kuma digirin kimiyyar kwamfuta shekara 4 ne. Guraben aiki sun fi yawa a nan, har mutum yana iya aiki daga gida. Sai dai masu nema ma sun fi yawa, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara rubuta sauƙaƙan umarni da kansu, don haka mai ilimin sama-sama zai sha wuya.

Shawararmu ita ce a dubi halin yaro tun kafin a cike takarda. Wanda yake son kwance rediyo da haɗa wayoyi, ya gwada allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 domin masu koyo. Wanda ya fi son tsara bayanai da warware matsalar lissafi, ya fara da Python. Wanda ya fara da na'ura yakan fi samun sauƙin komawa ga manhaja, fiye da wanda ya faro daga manhaja.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da su tuna da fanni na farko wajen ba da tallafin karatu. Idan na'urar famfon sola ta lalace, gari yakan rasa ruwa har sai an ɗauko mai gyara daga birni. Horar da 'ya'yanmu shi ne maganin wannan.