Ko Kun Sani? Dutsen Kufena Tsohon Sansanin Zazzau Ne

Ko kun san cewa kafin birnin Zariya ya kafu a inda yake yau, a gindin Dutsen Kufena Zagezagi suka yi zamansu? Dutsen na nan yamma da birnin, dab da Wusasa, ya yi tsaye ƙiƙam a tsakiyar fili.

Tarihin baka ya nuna cewa daga Turunku sarautar Zazzau ta taso zuwa wannan yanki, a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536, kuma ƙarancin ruwa aka fi ambata a matsayin dalilin ƙaurar. Ba banza aka zaɓi Kufena ba. Mai tsaro a ƙololuwarsa yana hango ƙurar dawakin abokan gaba tun suna nesa, jama'a su samu sukunin kora dabbobinsu ciki. Magabata ba su dogara ga dutsen kaɗai ba, sai da suka zagaye shi da ganuwar ƙasa mai faɗin da ta haɗa har da gonaki, don kada yunwa ta ci su idan an yi musu ƙawanya. Wannan dabara abar jinjinawa ce.

Da fada ta koma cikin birni, sai Kufena ya zama kufai. Yau gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, amma zaizayar ƙasa da noma suna ta cin ragowar ganuwar. Malaman makaranta, ku kai ɗalibanku su gani da idonsu tun akwai abin gani.