Ba Hausa Ce Ta Kayar Da Yaranmu Ba

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cikin Nuwamban 2025 cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, aka koma ga Turanci daga ajin farko har jami'a, mutane suka rabu gida biyu a majalisu da gidajen rediyon Sakkwato. Wasu na murna wai yanzu ne yara za su ji Turanci, wasu na kukan an yi wa Hausa kisan mummuƙe. Duka ɓangarorin sun ɗauki abin tamkar kokawa, dole ɗaya ya kayar da ɗaya. Nan ne aka yi ɓatan kai.

Hujjar minista ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. To, amma tsarin da ya soke a ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da shi, zamanin Malam Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan haka ko firamare bai gama ba, yaushe ya zauna WAEC har ya faɗi? In kuwa tsohon tsarin 1977 ake nufi, wanda ya ce a fara da harshen uwa a ajujuwan farko, kowane malamin firamare ya san rabinsa a takarda ya tsaya: ba littattafai, ba horo.

Makaranta mai harshe biyu ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Yaro ya fara karatu da rubutu da harshen da yake tunani da shi, a shigo masa da na biyu sannu a hankali. Sakkwato ta ga irin haka a shirin Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta tallafa wa a nan da Bauchi. Damagaram ta fara gwajin Hausa da Faransanci tun 1973.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke wannan muhawara kamar baƙon abu ne, alhali garin nan a kan karatu da harsuna da yawa aka kafa shi. Shehu Usmanu da Larabci yake rubuta littattafansa domin malamai, amma wa'azin da ya ratsa ruga da ƙauye cikin waƙoƙin Fulatanci ya tafi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mai da wannan ya zama tsari. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba don burgewa ba: kowane harshe da mutanen da take nufi da shi. Waƙarta da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani tana nan cikin harsunan uku. Da ta ga yawancin matan da ke buƙatar karatu Hausa suke ji, sai ta juya wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa shi ma ya kama mata wannan aiki.

Sannan ta kafa 'Yan Taru. Daga ƙauyuka mata ke tasowa rukuni-rukuni, dattijai da 'yan mata, ƙarƙashin jagorancin jaji, wadda Nana ke naɗawa da malfa da jan ƙyalle. Su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan da aure da raino suka tsare a gida. Ba allon sanarwa, ba kasafin kuɗi, amma daga Nana har matar da ke daka a ƙauye kowa ya san abin da aka taru a kai: mace ta san Ubangijinta, ta iya tsarki da salla, ta duba marar lafiya, ta taimaki maraya. Manufar ce ta zaɓi harshen. Ɗalibai nawa ne a makarantun da ke ɗauke da sunan Nana Asma'u aka taɓa karanta wa baiti ɗaya nata? Sai da Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a garin nan, ta zauna da takardun gidan Waziri Junaidu, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997, mu kuma muka koma muna karanta kakarmu da Turanci.

Wannan haɗuwar kai ita ce ta ɓace mana. A yau makaranta na rubuta Larabci da Turanci a bakin ƙofa, amma in ka shiga, malamin Arabiyya da na boko ko ofis ba sa haɗawa. Uba na son hadda, uwa na son ta ji yaro na Turanci a gida, mai makaranta na son kuɗin zango, sannan har yanzu akwai inda ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji. Makarantar almajirai ta Gagi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a Afrilun 2012, ta nuna cewa gini ba shi da wuya. Samun alaramma da malamin boko da iyaye su yarda da abu ɗaya shi ne aiki.

Don haka Ma'aikatar Ilimi ta jiha da SUBEB kada su fake da sanarwar Abuja su nannaɗe littattafan Mu Karanta su jefa a sito. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari na yaye malaman Hausa da Larabci da Turanci kowace shekara. A tura su aji ɗaya zuwa uku, a biya su a kan kari. Ku kuma iyaye, in an kira taron iyaye da malamai a wannan zangon, ku je, ku tambayi hedimasta da wane harshe ɗanku na aji biyu yake karatu, sannan ku ce a miƙo masa littafi ya karanta a gabanku.